Daga sadaka zuwa albashi: yadda taimakon jama'a da ba da shawara suka zama sana'a

Gabatarwa

Tambayar da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam da na ilimin zaman jama'a suka fi yi wa malamansu, tun daga shekarar farko har ranar kare kundi, ita ce: in mun gama, ina za mu yi aiki, kuma da wane suna za a kira mu? Wannan takarda za ta bi sawun sana'o'i biyu da suka taso kusan lokaci guda, wato aikin jin daɗin jama'a, wanda Faransawa ke kira service social, da aikin ba da shawara bisa ilimin halayya, domin a ga ta yaya abin da aka daɗe ana yi don neman lada ya koma abin da mutum ke koya a makaranta, ya ci abinci da shi har ya yi ritaya. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa tukunyar sana'a ba ta zama sai bisa duwatsun murhu uku: makarantar da ke horarwa, takardar shaidar da doka ta kare, da kuma wanda zai biya albashi a ƙarshen wata. Masu rubuta tarihin waɗannan sana'o'i sun fi son magana kan na farko da na biyu. A ganinmu na uku ne ya fi yanke hukunci, kuma shi ne ya fi bayyana halin da ake ciki a Nijar. Za mu fi tsayawa kan Faransa, tun da tsarinta ne muka gada.

Mafari: Landan da Niyok

A shekara ta 1869 aka kafa wata ƙungiya a Landan don tsara rabon sadaka. Damuwar waɗanda suka kafa ta ita ce wai sadaka ta yi yawa kuma ana ba da ita barkatai, har tana koya wa talaka lalaci. Maganin da suka kawo shi ne bincike: kafin a ba mutum komi, a je gidansa, a tambayi maƙwabta da mai gidan haya, a rubuta, a adana takardar. Daga wannan zargi da ake yi wa talaka aka sami dabarar bin lamarin mutum ɗaya ɗaya da buɗe masa fayil, wadda har yau ita ce ƙashin bayan aikin. A 1895 asibitin Royal Free na Landan ya ɗauki Mary Stewart, kuma babban aikin da aka ba ta shi ne ta tace majinyata, ta gano masu halin biya da ke neman magani kyauta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ofishin jin daɗin jama'a na wani asibitinmu yana neman takardar rashin galihu ya san cewa wannan aiki bai mutu ba.

Wani reshe ya bi wata hanya. A Toynbee Hall na Landan (1884) da Hull House na Shikago (1889), wanda Jane Addams da Ellen Gates Starr suka buɗe, masu ilimi ne suka tare cikin unguwar talakawa, suna ganin laifin yana ga ƙarancin lada da munin gidaje da aikin yara. Saɓanin nan, ko mutum za a gyara ko yanayin da yake ciki, bai taɓa ƙarewa ba cikin sana'ar.

Makarantu sun biyo baya da sauri: kwas na mako 6 a Niyok a 1898, makarantar Amsterdam a 1899, ta Alice Salomon a Barlin a 1908. Amma a 1915, a wani babban taro a Baltimore, Abraham Flexner, wanda ya yi suna wajen gyara makarantun likita na Amurka, ya gaya wa mahalarta ƙiri-ƙiri cewa abin da suke yi bai kai sana'a ba. Hujjarsa ita ce ma'aikacin jin daɗin jama'a ɗan aike ne kawai: ya kira likita, ya kira lauya, ya kira malamin makaranta, shi kansa ba shi da wata dabara tasa da za a iya koyarwa. Shekara 2 bayan haka Mary Richmond ta fitar da littafinta Social Diagnosis, inda ta shimfiɗa yadda ake tara shaida kan iyali, a auna ta, a yanke abin da za a yi. Sunan littafin kansa aro ne daga bakin likitoci, kuma da gangan aka yi aron.

Faransa: daga tarin fuka zuwa dokar 1946

A Faransa farkon al'amarin ya zo da abin kunya. Mata ƴan manyan gida, mafi yawansu Katolika, sun buɗe gidajen taimako cikin unguwannin ma'aikata na Paris tun daga 1896. Ɗaya daga cikinsu, Marie-Jeanne Bassot, ɗiyar wani janar ce. Da ta nace sai ta bar gidan iyayenta ta zauna cikin talakawa, iyalinta suka sa aka sace ta aka kulle a wani gidan masu taɓin hankali a Suwizalan. Da ta fito ta kai ƙara, aka yi shari'a a 1909, jaridu suka yi ta yayatawa, kuma surutun ya sa aka rufe gidajen da ake kira Maisons sociales. Ita dai ba ta daina ba, ta koma Levallois-Perret ta sake kafa wani gida. Mun kawo wannan labari don a ga cewa shekara ɗari da ƴan kai da suka wuce, a ƙasar da ta ba mu tsarin, mace mai neman mai da taimakon jama'a aikin rayuwarta ana iya ɗaukarta mahaukaciya.

Abin da ya sauya lamarin cuta ce da yaƙi. Tarin fuka na kashe Faransawa da yawa, kuma tun 1901 Albert Calmette ya buɗe wani ɗakin magani a Lille wanda ba ya jiran majinyaci ya zo: ana aika mai bincike gidan, ya duba ɗaki, ya koyar da tsabta, ya kawo rahoto. Dokar Léon Bourgeois ta 1916 ta baza irin waɗannan ɗakuna a ƙasa, kuma daga 1917 gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta zuba kuɗi wajen horar da mata masu ziyarar gidaje. A wannan shekara ta 1917 ne kuma, da maza suka tafi fagen daga mata suka cika masana'antun makamai, Cécile Brunschvicg da abokanta suka buɗe makarantar mata masu kula da ma'aikata a masana'anta. Kafin nan akwai makarantu biyu masu tushen addini, École normale sociale ta Katolika (1911) da École pratique de service social ta fasto Paul Doumergue (1913).

Ke nan bayan yaƙin duniya na farko akwai mata iri biyu a fagen. Akwai mai ziyara, wadda ke ƙarƙashin likita, kuma dokar 27 ga Yuni 1922 ta ba ta takardar shaida tare da masu jinya. Akwai kuma mai aikin jin daɗin jama'a, wadda ke ganin kanta sama da haka, amma ba ta da takardar gwamnati. Babban taron ƙasa da ƙasa na farko kan wannan aiki, wanda likitan Beljiyam René Sand ya jagoranta a Paris a 1928 da mahalarta kusan 2500 daga ƙasashe 42, ya ƙara wa ta biyun ƙarfi, har ta sami takardarta da dokar 12 ga Janairu 1932. A Fabrairu 1938 gwamnati ta haɗe su biyun cikin difloma guda ta assistante sociale, karatun shekara 3, shekarar farko tare da ɗaliban jinya a aji ɗaya. Wannan shekara ta haɗin gwiwa ba a soke ta ba sai ƙarshen shekarun 1960. A riƙe wannan batu, domin za mu sake gamuwa da shi a Damagaram.

Dokar 8 ga Afrilu 1946 ita ce ta kammala ginin. Ta hana kowa ɗaukar sunan assistante sociale in ba shi da difloma, kuma ta ɗora wa masu ita wajibcin riƙe sirri irin na likita da lauya, wanda karya shi laifi ne a gaban kotu. Ƙungiyar masu sana'ar, da aka kafa a ƙarshen 1944, ta yi ƙoƙari wajen samun wannan doka, kuma tarihin da ƴan sana'ar suka rubuta da kansu yakan ba ta dukkan yabon. Sai dai in an duba shekarun za a ga wani abu. Dokar kuɗin iyali ta fito a Maris 1932, wata 2 bayan difloma ta farko. Dokar yara masu laifi ta fito a 2 ga Fabrairu 1945, tana neman a yi binciken iyali kafin alƙali ya yanke hukunci. Dokokin Sécurité sociale sun fito a Oktoba 1945, ta kare lafiyar uwa da jariri a Nuwamba 1945. Kowace ɗaya daga cikinsu ta haifi asusu ko ofishi mai kasafin kuɗi da ke bukatar wadda za ta shiga gidaje ta dawo da rahoto. Doka ta kare sunan ne bayan an riga an sami masu biyansa. Da an yi dokar 1946 a 1910, da ta zama takarda kawai.

Masu ba da shawara

Sana'a ta biyu ba daga asibitin mahaukata ta fito ba, kamar yadda ɗalibai da yawa ke zato. Daga neman aiki ta fito. A 1908 Frank Parsons ya buɗe wani ofishi a Bostan don taimaka wa samari, galibi ƴaƴan baƙi, su zaɓi sana'a. Ya rasu a wannan shekara, littafinsa ya fito a 1909, kuma tsarinsa mai sauƙi ne: ka san kanka, ka san ayyukan da ke akwai, ka auna su biyun da hankali. Gwajin basira da Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar a Paris a 1905 ya ba masu wannan aiki ma'auni, yaƙe-yaƙe biyu kuma suka ba su dubban sojoji da za a gwada a rarraba.

Carl Rogers ne ya juya akalar. Ya yi fiye da shekara 10 a Rochester yana aiki a wata ƙungiyar kare yara, cikin ma'aikatan jin daɗin jama'a, kuma ya koyi abubuwa da yawa daga waɗanda suka bi koyarwar Otto Rank. A littafinsa na 1942 ya ce mai shawara ya rage ba da umurni, ya saurara, ya mayar wa mutum da abin da ya ji daga bakinsa har mutumin ya ga hanyarsa da kansa. Amma a nan ma kuɗi ne ya mai da ra'ayi sana'a: bayan 1945 hukumar tsofaffin sojojin Amurka ta buɗe gurabe masu yawa, ta biya kuɗin horo a jami'o'i, kuma a taron Northwestern na 1951 aka tsai da sunan sana'ar da matakin karatunta, wato digirin dakta.

Faransa ta raba abin gida biyu. Jagorar zaɓen sana'a ta sami cibiyarta a 1928 ƙarƙashin Henri Piéron, kuma dokar 1938 ta wajabta buɗe ofishinta a kowace jiha, har masu wannan aiki suka zama ma'aikatan ma'aikatar ilimi. Ilimin halayya kuwa ya sami lisansi nasa a Sorbonne a 1947 da ƙoƙarin Daniel Lagache, amma sunan psychologue bai sami kariyar doka ba sai 25 ga Yuli 1985. Shekara 38 ke nan jami'a na yaye mutane da sunan da kowa ke iya rubutawa a ƙofarsa. Wannan rabuwa ita ta sa ɗalibin da ya karanta littattafan Ingilishi yakan rasa inda zai sa sana'ar mai ba da shawara cikin tsarinmu: a ƙasashe masu amfani da Faransanci an rarraba aikinta tsakanin jagoran makaranta, masanin halayya na asibiti da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a.

Dakar

Kwana 3 bayan dokar 8 ga Afrilu 1946, Faransa ta fitar da dokar Houphouët-Boigny da ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka. Kusancin ranakun nan biyu ya isa ya nuna tazarar da ke tsakani. Mulkin da ke kama mutane aikin hanya da noman dole bai da bukatar mai sauraron kukansu. Abin da ya bukata shi ne hannuwan aiki masu lafiya, saboda haka ta ƙofar likita aka shigo. Makarantar likita ta Dakar, da aka buɗe a 1918, tana da sashen ungozomomi, kuma a 1930 aka ƙara sashen masu ziyarar gidaje, wanda bai wuce 1938 ba. Ƙididdigar da masaniyar tarihi Pascale Barthélémy ta yi ta nuna cewa cikin dukan zamanin, ungozomomi 633 ne suka sami difloma, masu ziyara kuwa 63 kacal, ga dukan Afirka ta Yamma ta Faransa.

Mai biyan albashi ya bayyana ne bayan yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago. Dokar aiki ta ƙasashen ƙetare ta 15 ga Disamba 1952 ta buɗe hanya, kuma a 1956 aka kafa asusun kuɗin iyali a yankuna, har da Nijar, inda ya zama CNSS a 1965. Amma wannan asusu na masu albashi ne, su kuwa ƴan ƙalilan ne a ƙasar manoma da makiyaya.

Sauran jama'a ba su zauna babu mai kula da su ba, kuma kuskure ne a rubuta wannan tarihi kamar daga Turai aka kawo tausayi. A ƙasar Hausa akwai zakka da sadaka da ciyayya. A manyan birane kamar Damagaram da Katsina da Kano akwai sarkin makafi da sarkin kutare da sarkin guragu, masu unguwarsu da tsarin rabonsu da wakilci a fada. Matar da ta yi yaji akwai masu zuwa biko, akwai gwaggo da kawu da liman da mai unguwa, kuma in abin ya gagara akwai alƙali. Wanda hankalinsa ya gushe ana kai shi wurin malam a yi masa rubutu da tofi, ko wurin ƴan bori a yi masa girka. Bambancin shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buɗe fayil, babu mai karɓar albashi daga baitulmali don wannan aiki kaɗai, kuma dukansu suna cikin dangantakar da suke gyarawa. Gwaggo na iya tsawata wa miji domin ita ta yi masa wankan jariri. Yarinya ƴar shekara 23 mai difloma ba ta da wannan iko, sai wanda takardar gwamnati ta ba ta.

Waɗanda suka fara ɗaukar wannan matsala da muhimmanci likitocin ƙwaƙwalwa ne. A Aro, kusa da Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo ya fara a 1954 saukar da majinyata cikin ƙauyuka tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb, wanda ya riƙe sashen daga 1959 zuwa 1978, ya tara likitoci da masana halayya da masana al'adu irin su András Zempléni, suka kafa mujallar Psychopathologie africaine a 1965. Sun shigo da pénc, wato zaman dandali irin na Wolof, inda majinyata da dangi da ma'aikata ke tattaunawa a fili, kuma suka sa kowane majinyaci ya kwanta da ɗan rakiya daga gida. Littafin Marie-Cécile da Edmond Ortigues, Œdipe africain (1966), ya fito ne daga ganawar da aka yi da yara da iyayensu a can, kuma darasin da ya fi amfanar mai aiki a cikinsa shi ne cewa ganawar mutum biyu a ɗaki rufe, wadda littattafan Turai suka ɗauka ita ce asalin aikin, baƙon abu ce ga iyalin da suka zo su biyar kuma babba ne ke magana a madadin mai ciwon. A wannan zamani ne Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi bincikenta kan bori a kwarin Maraɗi, wanda ya fito a 1972, inda ta dubi girka a matsayin hanyar warkarwa mai tsarinta. An soki makarantar Fann daga baya cewa ta ƙawata gargajiya fiye da kima, kuma Turawa ne suka riƙe ragamarta. Sukar na da tushe. Duk da haka tambayar da suka yi ba ta tsufa ba, kuma duk wanda ya gwada zaman sauraro irin na Rogers da matar da kunya ta hana ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari ya gamu da ita.

Nijar: ƙofofi da yawa, gida babu

Gwamnatin Diori Hamani ba ta bi hanyar fayil da ziyarar gida ɗaya ɗaya ba, kuma da ƙyar a ga laifinta, ganin yawan ƙauyuka da ƙarancin masu ilimin boko. Ta zaɓi rayar da karkara, wato animation, daga farkon shekarun 1960, da taimakon ƙwararrun IRAM na Faransa, tare da hukumar UNCC ta 1962 da kulob-kulob na rediyo. Ƙauye ne ke zaɓen mutanensa, a ba su horo na ƴan kwanaki, su koma ba albashi. A jihar Maraɗi aka gwada masu agajin farko da ungozomomin ƙauye shekaru kafin taron Alma-Ata na 1978 ya mai da wannan tsari manufar duniya. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya ɗora aikin bisa samariya da ƙungiyar matan Nijar ta 1975. A dukan waɗannan tsare-tsare aikin jama'a aikin sa kai ne, ma'aikacin gwamnati yana sama yana jagora. An sami amfani, amma ba a gina sana'a ba.

Ƴan ƙalilan da aka horar a matsayin ma'aikatan jin daɗin jama'a ta ƙofar lafiya suka bi, kamar a Faransa ta 1938. Makarantar ENICAS ta Damagaram, wadda daga baya ta zama makarantar kiwon lafiya ta ƙasa, a rufi guda ta horar da masu jinya da mataimakan jin daɗin jama'a. Sakamakon haka ana ganinsa a wurin aiki: awon jarirai, koyar da kunun yara, rabon madara a shekarun fari na 1973 zuwa 1974 da 1984, da zama ƙarƙashin majo ko likita. Ilimin halayya kuwa ta ƙofar jami'a ya shigo, bayan buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973. Ƙofofin biyu ba su kai ɗaki ɗaya ba: mai takardar makarantar lafiya yana da gurbi amma karatunsa gajere ne, mai lisansi ko metiriz na jami'a yana da karatu amma sau da yawa aji ya ƙare yana koyar da wani fanni.

Duk da haka, muddin kuɗin yuraniyom na shigowa, wanda ya fito makarantar horon ma'aikata aiki na jiransa. Faɗuwar farashi a farkon shekarun 1980 da shirin tsuke bakin aljihu da aka shiga da IMF daga 1983 suka karya wannan alkawari. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 suna zanga-zanga ne kan matakan wannan shiri a fannin ilimi. Bayan taron ƙasa na 1991 da karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, gwamnatin da ta kasa biyan albashin waɗanda ke hannunta ba ta da halin buɗe sababbin gurabe. A daidai lokacin ne kuma dokar 1995 ta sa majinyaci ya biya kuɗin magani, abin da ya mai da ofishin jin daɗin jama'a na asibiti wurin tantance wanda ya cancanci rangwame, aikin Mary Stewart na 1895 sak. Kyautar tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da aka ayyana a 2005 da 2006, ta rage nauyin ga wasu rukunoni kawai.

Tun daga nan mai biyan albashi ya sauya. Amincewa da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1990 da dokar 1999 da ta kafa kotunan yara sun haifar da ofisoshin SEJUP masu bin lamarin yara a gaban shari'a, kuma wannan na daga cikin wurare kaɗan da doka da kanta ta nemi binciken iyali. Cutar sida ta kawo shawara kafin gwajin jini da bayansa, wanda shi ne karo na farko da ƴan Nijar da yawa suka zauna da wani baƙo a ɗaki rufe don a yi maganar sirrinsu. Matsalar abinci ta 2005 ta cika Maraɗi da Damagaram da Tawa da ƙungiyoyin agaji. Hare-haren da aka kai Bosso da Diffa a Fabrairu 2015, da gudun hijirar da ya biyo baya a can, da Tillaberi, da kan iyakar Maraɗi daga 2019, sun buɗe gurabe masu yawa na tallafin zuciya da zamantakewa, bisa ƙa'idojin da hukumomin agaji na duniya suka fitar a 2007. A shekarun nan masu takardar ilimin halayya sun sami masu nemansu da sunan fanninsu, wani lokaci da albashin da ya fi na gwamnati.

Sai dai furoje ba asusun kuɗin iyali na 1945 ba ne. Kwangilarsa ta wata 6 ce ko shekara, cutar ko rikicin da ya kawo shi ne ke tsara abin da za a koya, kuma in mai ba da kuɗi ya juya wani wuri gurbin ya tafi da shi. Mutum na iya yin shekara 10 yana tsalle daga wannan kwangila zuwa waccan, ya tara takardun horo na kwana 5 cike da jaka, ba tare da ya hau mataki ko ɗaya ba, kuma ba tare da wani babba a sana'ar ya taɓa zama da shi ya duba yadda yake tafiyar da lamarin mutum ba. Akwai kuma batun sirri. Ma'aikaciyar 1946 tana iya ƙin ba shugabanta abin da ta ji a gida, doka na bayanta. Wanda ke cika fom a kwamfuta don rahoton wata, kan matar da aka yi wa fyaɗe a ƙauyen da kowa ya san kowa, yana bukatar irin wannan kariya fiye da ita, kuma ƙa'idar cikin gida ta ƙungiya ba ta kai ƙarfin doka ba. Maƙwabciyarmu Nijeriya, inda jagorar ɗalibai ta fara a wata makarantar ƴan mata ta Ibadan a 1959 kuma ofishin jin daɗin jama'a na Legas ya fara tun shekarun 1940, sai a 2022 ta sami dokokin da suka kafa majalisar masu ba da shawara da ta ma'aikatan jin daɗin jama'a.

Jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, waɗanda aka kafa a 2010, suna zaune a tsakiyar yankin da aikin ke gudana da Hausa alhali karatun da Faransanci ake yinsa. Ɗalibi ya koyi dépression da traumatisme a aji, ya fita ya ji ana cewa ɓacin rai, ko zuciya ta tsinke, ko firgita, ko iska ta taɓa shi, kuma kowace kalma na nuna wurin wanda iyali za su nufa da farko. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin majinyata da ƴan rakiya, da bin hanyar da iyali ke bi daga malam zuwa boka zuwa likita, aiki ne da ya dace da kundin masta, kuma reshen IRSH na Maraɗi na kusa. Ga mai son ɓangaren tarihi, takardun lafiya da agaji na zamanin mulkin mallaka suna cikin rukunin H na taskar Dakar, wasu a taskar ƙasa ta Yamai da Aix-en-Provence. Matan da suka fito ENICAS a rukunonin farko, da masu rayar da karkara na zamanin Diori, sun yi ritaya, wasunsu na zaune a unguwanninmu, kuma hira da su ba ta bukatar kuɗin jirgi.